Asabar Ɗin Baba: Daga Turken Gesse Zuwa Fadamar Dukku

A yawancin gidajen Gesse, Asabar ranar ramuwar barci ce. Unguwar ma'aikata ce a Birnin Kebbi, kowa da katangarsa da ƙofarsa ta ƙarfe, kuma kafin ƙarfe tara da wuya ka ji motsin kowa sai masu tallar ƙosai. A gidanmu kuwa ba a isa ba. Da an sallame sallar asuba Danda zai fara haniniya yana tona ƙasa a gindin turke, sai mu ji muryar Baba daga tsakar gida: "Ku taho, wanga doki bai san hutu ba."

Danda doki ne ja mai farin goshi da fararen ƙafafu. Shekararsa bakwai a gidanmu, kuma a hutun da ya wuce saura kaɗan ya bar shi. Mu uku ke karatu a gidan: ɗaya a jami'a, ɗaya yana shirin rubuta WAEC, sai Auta a ƙaramar sakandare. Inna ta ɗauko littafin da take rubuta cefane, ta lissafa gero da dusa da harawar da Danda ke ci a wata, ta ce kuɗin ya isa rajistar mutum guda. Gaskiya duk mun goyi bayanta. Baba bai yi musu ba. Cewa ya yi mu bi shi Asabar ɗaya tukuna, sannan mu sa baki.

Aikin farko shara ce. Ana kwashe kashin dokin a zuba a wani rami da ke bayan gida, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa. Ɗanyen kashi ƙona shuka yake yi, sai ya yi watanni ya ruɓe ya koma baƙi kafin a kai shi lambu. Daga tsohon ramin muka cika buhu biyu muka ɗaure a babur. Shi kuma Baba ya goge Danda, ya duba ƙofatansa ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa jalala, ya aza sirdi, ya ja majayi, sannan ya sa linzami. Mutumin da muka saba gani ran Litinin da fayil a hammata yana neman makullin babur, da ya zura ƙafa a likkafa sai ya koma wani daban.

A kan kwalta tafiyar hawainiya yake yi, domin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, titi yana cin ƙofato. Yara suna ta ɗaga masa hannu, wani mai shayi ya yi masa jinjina. Sai da muka bar gidaje, hanya ta fara gangarawa wajen Dukku, sannan ya sassauta linzami. Ƙura kawai muka gani. A wannan gangaren ne mutum zai gane cewa Birnin Kebbi a kan tudu yake zaune: kana leƙawa ƙasa sai ka ga fadama shimfiɗe, kore shar a tsakiyar hunturu, alhali bayanka komai ya bushe.

Ruwan da ya yi wannan fadama shi ne Gulbin Rima. Yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato, ya biyo ta Argungu, ya wuce ta gefen garinmu, ya je ya faɗa Kwara. Wato ruwan da muke ba albasarmu ya riga ya gaisa da masuntan Argungu kafin ya iso mu. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai tsohon labari, kuma a bayan dawaki aka yi shi. Birnin Kebbi ya taɓa zama hedkwatar Kabawa, jikokin Kanta, har zuwa 1805 da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu, aka daɗe ana gwabzawa. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce mafarin bikin kamun kifin da ake yi a Matan Fada, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Tsofaffin makaman yaƙin suna can a ajiye a Gidan Tarihi na Kanta. Dawakin kuma sai hawan salla da kilisa irin ta Baba.

Lambun namu ba shi da girma, amma ba inda aka bari fili. Fangali-fangali ne na albasa, gefe guda tumatir da tattasai, ga alayyafo da latas na miyar gida, ga zogale ya kewaye iyaka. Baba ya ɗaure Danda a inuwar mangwaro, ya cire riga, ya tayar da injin ban-ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, injin nan ya zama babban mai cin kuɗi a lambu, shi ya sa wasu maƙwabtanmu suka mayar da nasu na gas, masu hali kuma suka sa sola. Aikinmu shi ne bin ruwa da fartanya: a buɗe bakin fangali, idan ya sha a toshe, a buɗe na gaba. Da ido kamar wasa ne. Kafin hantsi bayanmu ya ƙage, ƙaninmu kuma ya bar ruwa ya fasa ya tafi gonar maƙwabci, aka yi ta ba da haƙuri.

A nan ne Baba ya nuna mana fangali biyu. Ɗaya ya sha takin Danda tun kafin dashe, ɗaya kuma ba ta samu ba saboda takin bai kai ba. Ta farkon ganyenta ya yi duhu ya miƙe, ƙasarta kuma tana riƙe da laima. Ya ce a bara buhun takin zamani ɗaya kawai ya saya, maimakon uku. Ya nuna mana ƙullin harawar wake da ya jera a kan rumfa tun kaka, wadda ita ce rabin abincin dokin. Mun tambaye shi ko lissafin ya tashi daidai. Ya yi dariya, ya ce bai tashi ba, har yanzu Danda ne ke da bashi. Ya tuna mana ambaliyar 2020 da ta shanye shinkafar fadamar nan, ya ce a shekarar ma an yi masa tayi bai sayar ba.

Mun dawo gida da azahar da buhun ganye. Mu mun zube a tabarma, shi kuwa wanka ya yi ya sa babbar riga ya tafi ɗaurin aure a Badariya. Daga can ya biya wajen Kaka ya kai mata latas da tumatir, ya dawo ya gyara famfon da Inna ta yi sati tana magana a kai, ya zauna da Auta suka yi ta fama da lissafin kashi-kashi har la'asar sakaliya. Bayan magariba ya koma turke da fitila yana cire wa Danda kaska, ya jiƙa masa dusa da 'yar kanwa.

Da dare Inna ta sake ɗauko littafinta. Baba ya ce albasa za ta nuna a watan Maris, kuma in an ciro ba zai kai kasuwa nan take ba, domin lokacin kowa ke kaiwa, kuɗinta ya faɗi. Zai adana ta a rumbu har ta yi daraja. Inna ta ce makaranta ba ta jiran albasa. Suka juyo suka dube mu, tunda mu aka ce mu sa baki. Ba wanda ya ce uffan. Can sai Inna ta rufe littafin, ta ce a bar maganar zuwa ƙarshen wata, amma wani ya tashi ya duba bokitin dokin nan, tun ɗazu take jin yana bugunsa da ƙafa.