Ranar Da Muka Aske Wa Haruffa Lanƙwasarsu

Mu uku ne, dukkanmu ɗaliban sashen ilimin kwamfuta a wata jami'a da ke kudancin ƙasar nan, kuma dukkanmu a unguwannin Hausawa na kudu aka haife mu. Hausa ita ce harshen da muka buɗe baki da shi, amma ba mu taɓa zama muka nazarce ta a aji ba. Abin da ya haɗa mu da sashen Hausa shi ne wani dattijon malami da ke dab da ajiye aiki a shekarar 2019. Fiye da shekara talatin ya yi yana tara kalmomi da karin magana a kan ƙananan katuna, yawancinsu daga bakin tsofaffi na Sakkwato da Katsina da ƙasar Guddiri, waɗanda ya riƙa ziyarta a lokutan hutu. Katunan suna cikin kwalaye a bayan ofishinsa, damshin kudu yana cin wasu, gara tana cin wasu.

Wata rana bayan la'asar ya kira mu, ya nuna mana kwalayen, ya ce, "'Ya'yana, an ce ku ne masu magana da na'ura. Ina son abin nan ya shiga cikinta kafin in tafi, ta yadda ɗalibi zai nemi kalma ya same ta."

Babbanmu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ai aikin mako biyu ne."

Malam ya yi murmushi bai ce kome ba. Aikin mako biyun nan sai da ya cinye mana zangon karatu biyu cur, kuma labarinsa ne muke son mu ba mai karatu, musamman 'yan'uwanmu da za su ɗauki irin wannan aiki nan gaba.

Da yake ba kullum ake samun intanet a ofishin ba, sai muka yanke shawarar gina manhajar da za ta zauna cikin kwamfutar tebur, ta yi aiki ita kaɗai ba tare da dogaro da waje ba. Muka zaɓi harshen Python domin rubuta umarni, muka zaɓi SQLite ya zama rumbun bayanai, saboda yana tattara kome cikin fayil guda wanda za a iya ɗauka a filashi. Taga ɗaya ta shigar da kati, taga ɗaya ta bincike, shi ke nan. Cikin kwana huɗu muka gama, muka kira Malam ya zo ya ga abin mamaki.

Kalmar farko da ya ce a nema ita ce "sana'a". Muka rubuta, muka danna maɓalli, manhaja ta tsaya cik, ta zubo mana jan rubutu. Ya ce to a gwada "'ya'ya". Nan ma haka. Kunya ta rufe mu. Sai da muka kwana muna bin layukan umarni ɗaya bayan ɗaya sannan muka gano dalili. A harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, alamar nan da muke rubuta alhamza da ita, ita ce ke buɗe zance kuma ita ce ke rufe shi. Mu kuwa mun riƙa manna kalmar mai bincike kai tsaye cikin jimlar tambaya. Saboda haka idan na'ura ta iso tsakiyar "sana'a" sai ta ɗauka zance ya ƙare a "sana", ragowar kuwa ta rasa inda za ta sa shi. Maganin ba wuya: a bar gurbi cikin jimlar tambaya, a miƙa kalmar daban, rumbun ya karɓe ta a matsayin kalma tsantsa. An koya mana wannan a aji domin kare manhaja daga masu kutse, amma ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba sai da alhamza ta kunyata mu.

Ba a nan alhamza ta bar mu ba. Ɗaliban da suka taya mu bugun katuna, wasu a manhajar rubutu suka fara bugawa sannan suka kwafo, ita kuwa takan musanya miƙaƙƙiyar alama da mai lanƙwasa. A ido duk ɗaya ne, amma a wurin na'ura ta farko lambarta 39, ta biyu 8217, akwai ma ta uku mai lamba 700. Sai ka nemi "jama'a" a ce babu, alhali ga ta nan zaune cikin rumbu. Dole muka sa wani ɗan umarni a bakin ƙofa, wanda ke mayar da dukkansu iri ɗaya kafin a adana. A nan ne kuma muka koya wa manhajar cewa "'ya" da ake rubutawa a Nijeriya da "ƴa" da ake rubutawa a Nijar kalma ɗaya ce.

Matsala ta biyu ta jeri ce. Malam ya ce a jera masa kalmomi bisa tsarin abacada, sai ga "ƙasa" da "ɓera" da "ɗaki" sun koma can ƙarshe, bayan "zuma". Dalili shi ne na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 yana da gurbi 128 kacal, kuma babu harafinmu mai lanƙwasa ko ɗaya a ciki, duk da cewa rubutun boko ya san su tun shekarun 1930. Sai da tsarin Unicode ya fito a 1991 aka sami hanyar bai ɗaya da ta ba su mazauni, amma mazaunin nasu ya yi nisa da na 'yan'uwansu. Ƙaramin "a" lambarsa 97, "z" 122, "ƙ" kuwa 409, "ɓ" 595, "ɗ" 599. Wanda ya jera da lamba ba makawa ya kai su ƙurya. Sai muka zauna da Malam ya faɗa mana jerin da yake so, "ɓ" bayan "b", "ɗ" bayan "d", "ƙ" bayan "k", "sh" da "ts" kowanne harafi mai zaman kansa, muka rubuta wa rumbun ma'aunin jeri na musamman.

Akwai kuma ƙananan matsaloli na yau da kullum. Da katuna suka haura dubu biyar, taga takan daskare idan ana shigo da babban fayil, mai aiki ya yi ta danne-danne yana zaton ta mutu. Muka gane cewa hannun da ke zana taga shi ne muka ɗora wa dakon kaya, don haka muka raba aikin, nauyi ya koma bayan fage, taga ta riƙa nuna inda aka kai. Wata rana kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da jerin kalmomi, fayil ya fito rabi, ya kuma danne tsohon. Daga ranar muka koyi rubutawa cikin fayil na wucin gadi, sai an kammala sannan a sauya masa suna. Haka nan wata ɗaliba ta buɗe jerin a wata kwamfuta ta ga "Æ™asa" a maimakon "ƙasa", ta zo a guje tana cewa aiki ya lalace. Ashe bai lalace ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin "ƙ" gida biyu yake ci, ita kuwa waccan manhaja ta karanta kowane gida da tsohon ma'auni na harsunan Yammacin Turai. Da aka gaya mata ma'aunin da ya dace, rubutu ya dawo garau.

Wannan nasara ita ce ta sa mana girman kai, har muka fara ganin babu ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Ɗalibai sun yi ta kukan cewa allon bugunsu ba shi da haruffa masu lanƙwasa, suna son su rubuta "kasa" manhaja ta kawo musu har da "ƙasa". Bugu da ƙari, binciken rumbun namu ya san "K" da "k" ɗaya ne, amma bai san dangantakar "Ƙ" da "ƙ" ba, domin haruffan ASCII kaɗai yake yi wa wannan hidima. Shawarar da muka yanke mai kyau ce: kowace kalma a yi mata sura ta biyu, marar lanƙwasa, wadda za a riƙa bincike da ita a ɓoye. Wani dare, ana saura kwana biyu jarrabawa, muka rubuta umarnin cikin gaggawa. A layi guda, inda ya kamata mu sa sunan sabon gurbi, sai muka sa sunan gurbin asali. Muka gwada bincike, ya yi aiki, muka yi murna, muka kwafe fayil ɗin a filashi, a kan tsohon kwafin da muke da shi, muka tafi karatu.

Bayan kwana tara Malam ya aiko a kira mu. Muka same shi ya kafa tabarau a fuskar kwamfuta. Ya nuna wani layi da yatsa ya ce, "Ku karanta mini wannan."

'Yar'uwarmu ta karanta: "Baki sun cika daki."

Ya ce, "Wane baki? Wane daki?"

Jikinmu ya yi sanyi. Muka duba rumbu daga sama har ƙasa, babu lanƙwasa ko ɗaya. "Ƙafa" ta zama "kafa", "faɗa" ta zama "fada", "ɓari" ya zama "bari", "ƙara" ta zama "kara". Wancan rikicin na "Æ™" yana gyaruwa ne domin lambobin asali suna nan, karatunsu ne kawai aka kuskure. Wannan kuwa mu da kanmu muka goge lambobin, muka maye gurbinsu da wasu, kuma babu lissafin da zai gaya wa na'ura wane "k" ne dā yake da lanƙwasa. Kusan kati dubu biyu da ɗari huɗu abin ya shafa. Mafi muni, kwali biyu daga cikin katunan asali, waɗanda gara ta fi ci, an riga an ƙone su bayan bugawa, bisa tabbacin da mu muka bayar cewa kome ya shiga na'ura.

A hanyar komawa ɗaki mun yi gardama sosai. Ɗayanmu ya ce mu ɗora laifin a kan cutar kwamfuta, ai Malam ba zai gane ba. Muka juya maganar har tsakar dare, daga bisani muka ga cewa idan muka yi ƙarya, Malam zai ci gaba da amincewa da hannun da ya yi masa ɓarna, ba tare da ya san inda ya kamata ya sa ido ba. Da safe muka je muka durƙusa.

Babbanmu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba na'ura ba ce. Mu ne. Layi ɗaya muka kuskure, kuma ba mu ajiye kwafi na biyu ba."

Ya daɗe bai ɗago kai ba. Can ya ce, "Katunan da aka ƙone fa?"

Muka ce suna ciki.

Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To, ku zo gobe da ƙarfe huɗu. Ku zo da hantsin kunnuwanku, don karatu za mu yi."

Mako shida muka yi muna zama da shi kowace yamma. Inda katin asali yake nan, sai mu duba mu gyara. Inda babu, sai mu karanta kalma da misalinta da babbar murya, shi kuma ya furta ta yadda ya ji ta, mu mayar mata da lanƙwasarta. Sanannun kalmomi ba su ba mu wahala ba, wasu kuma muka same su a ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham. A zaman nan ne muka fara jin bambancin karin harshen Sakkwato da na Kano da kunnenmu, muka kuma san cewa Hausar da muke taƙama da ita ta kasuwar unguwarmu ce kawai. Amma akwai kalmomin da Malam sau ɗaya ya taɓa jin su, daga bakin wata tsohuwa mai saƙa ko wani maharbi, shekaru da dama da suka wuce, kuma masu bakin duk sun riga mu gidan gaskiya. Yakan rufe ido ya furta kalma da "d", ya sake furta ta da "ɗ", ya girgiza kai. Irin waɗannan guda talatin da bakwai ne. Muka ce ya zaɓi wanda ya fi kama da gaskiya, ya ƙi. Ya ce mu buɗe musu gurbi na musamman, mu rubuta a gaban kowace cewa ba a tabbatar da harafinta ba.

Tun daga nan muka ɗaukar wa kanmu wasu ƙa'idoji da har yau, a wuraren aikinmu daban-daban, ba mu sake su ba. Ba ma taɓa rubutun asali, duk abin da za mu sarrafa sai mu yi masa gurbi daban. Ba ma gwada sabon umarni a kan rumbun gaskiya sai a kan kwafi. Kwafin ajiya kuwa uku muke yi, kowanne da kwanan watansa, kuma sabo ba ya hawa kan tsoho. Sannan duk manhajar da muka gina, ko da ta lissafin kanti ce, kafin mu miƙa ta sai mun gwada ta da "'ya'ya" da "Ƙanƙara" da "ɗanɗano" da "ɓaɓɓake", domin mun lura cewa wanda bai san harshen ba ba zai tuna ya yi wannan gwaji ba.

Malam ya ajiye aiki ya koma gida a ƙarshen shekarar. Manhajar tana nan a kwamfutar sashe, ɗalibai suna amfani da ita. Roƙonmu ga duk wanda ya buɗe ta shi ne ya leƙa gurbin nan na kalmomi talatin da bakwai. Idan ya je hutu, ya karanta wa kakanninsa su, wataƙila a dace da wanda ya taɓa jin ɗaya daga ciki, ya zo ya faɗa wa sashe yadda ake furta ta.