KUSKUREN LIKITA DA HAƘURIN MAI CIWO

 

'Yan'uwa da yawa sun yi ta cigiyarmu tun kafin azumin da ya wuce, domin an daina ganinmu a masallaci da kasuwa. To, rashin lafiya ce ta ɓoye mu, kuma ta zo ne ta hannun wanda muka je neman lafiya a wurinsa. Mun ga ya kyautu mu ba da labarin a wannan fili, saboda akwai hukuncin addini a ciki wanda yawancinmu ba mu kula da shi ba.

Yau shekara 12 ke nan muna fama da ciwon sukari. Duk mai shi ya san ciwo ne na zaman tare, sai dai a yi ta lallashinsa da magani da tsare baki da awon jini. Likitoci sun ce idan aka auna jini da safe kafin karin kumallo, na mai lafiya ba ya kaiwa 100, wanda nasa ke kaiwa 126 ko fiye kuwa ya kamu. Namu, da taimakon ƙwayar metformin safe da yamma, yakan tsaya wajen 130, muna ta hamdala.

Saura mako uku a ga watan Ramadan sai ciwon gwiwa ya taso mana, har sujada ta zama aiki. Muka tafi asibiti. Aka nemi fayil ɗinmu sama da ƙasa ba a gani ba, sai aka buɗe mana sabon kati. Likitan da muka saba gani yana hutu, wanda muka tarar matashi ne, ga layi har bakin ƙofa. Ya matsa gwiwar, ya rubuta magani, ya kira na gaba. Bai tambaye mu ko muna da wani ciwo ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Sunan maganin prednisolone. Kwana biyu gwiwa ta lafa, muka yi ta sa wa likita albarka. Kafin mako ya zagayo sai ga ƙishirwa wadda randa guda ba ta kashewa, da fitsari sau shida a dare, da hazo a ido har muka kasa karatun Alƙur'ani. Uwargida ce ta matsa aka auna, aka tarar sukari ya wuce 400. Aka kwantar da mu kwana tara ana ƙarin ruwa da allurar insulin, wadda ba mu taɓa bukata ba a duk shekarun nan. A kan gadon asibiti muka ji cewa shi wannan magani da danginsa suna hawar da sukari, suna kuma raunana garkuwar jiki, shi ya sa ba a ba mai irin ciwonmu sai da lura ƙwarai. Wani ɗan faso da ke diddigenmu ya zama gyambo, aka yi wata biyu ana wankinsa. Azumi ya wuce mu, ashamu ya wuce mu, shago ya koma hannun yara.

Ba za mu ɓoye ba, zuciya ta yi zafi. Mutum ya yi shekara 12 yana kauce wa zaƙi, sa'an nan a rushe masa aikin cikin minti uku! Masu zuwa dubiya kuwa suka kasu biyu. Waɗansu su ce, "Alhaji, ƙaddara ce, a bar wa Allah." Waɗansu su ce, "Wallahi ka kai shi kotu." Idan dare ya yi sai mu kwanta muna juya maganganun nan biyu, muna tsoron kada fushinmu ya zama jayayya da hukuncin Ubangiji.

Da muka fara takawa sai muka tafi wurin malaminmu, muka ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya yi imani da ƙaddara yana da halin ya ce an yi masa kuskure?" Ya yi murmushi, ya tuna mana labarin Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham, ya ji annoba ta sauka a can, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah ya gudu zuwa ƙaddarar Allah. Malam ya ce imani da ƙaddara shi ke sanyaya zuciyar wanda musiba ta samu, amma ba ya wanke wanda ya yi sakaci, kuma ba ya hana a bi sababi.

Sa'an nan ya buɗe mana abin da shari'a ta tanada. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba, shi ke ɗauke da lamunin ɓarnar da ya yi. Imamu Malik kuma, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa likitan da ya zo yin kaciya ya zarce da yanka, akwai diyya, kuma danginsa ne ke ɗauka kamar sauran kuskure. Watau malamai sun bambance tsakanin jahili mai shigar burtu, da gwanin da ya yi aikinsa daidai amma Allah bai nufa da dacewa ba, wanda babu komai a kansa, da gwanin da ya kuskure, wanda ba shi da zunubin ganganci amma hakki yana nan. Ashe tun fiye da shekara 1,200 malamanmu sun kira kuskure da sunansa, ba su lulluɓe shi da ƙaddara ba.

Da wannan muka koma wurin matashin likitan, muka ajiye masa takardar da ya rubuta da ta kwanciyarmu. Ya duba, ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ya kamata in tambaye ka. Laifina ne, ka yafe mini." Nan take rabin zafin ya tafi. Muka ce, "Likita, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma mun san ciwonmu, muka kame baki, kuma da gwiwa ta yi sauƙi muka bar awon jini." Muka roƙi abu uku: a nemo tsohon fayil a haɗa da sabo, a rubuta ciwon sukari da jan biro a bayan katin, a kuma sanar da shugabansa domin kada a maimaita ga wani. Aka yi, muka yafe.

Yafewar nan hakkinmu ce muka bayar, ba mu ɗora wa kowa ba. Wanda aka yi wa asarar ido ko ƙafa ko rai, idan ya nemi diyyarsa, ko ya kai ƙara Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda ke da kwamitin binciken irin wannan, bai fita daga sahun masu haƙuri ba.

Har yau ba mu koma yadda muke da ba. Muna yin allura da dare, akwai ramuwar azumi a kanmu, kuma Malam ya ce idan amintaccen likita ya tabbatar ba za mu iya ba, sai mu ciyar da miskini a madadin kowace rana. Wata rana awo ya yi kyau, wata rana ya hau ba dalili. Sai mu tuna Annabi Ayuba, wanda ya kai kukansa ga Ubangijinsa, aka umarce shi ya buga ƙafa a ƙasa ya yi wanka ya sha, kuma duk da kukan Allah Ya yabe shi da haƙuri.

To, ya 'yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya faɗa wa kowane likita tun kafin a tambaye shi, ya riƙe 'yar takarda mai sunayen magungunansa a aljihu, ya kuma tambayi sunan abin da aka rubuta masa. A guji ƙulle-ƙullen maganin ciwon jiki na tasha da bakin kasuwa, domin sau da yawa akwai dangin wannan magani a ciki, wanda ya daɗe yana sha kuwa kada ya bari kwatsam sai da shawarar likita. Ma'aikata kuma su lura, wahalar nan tamu ta faro ne daga fayil guda da wani bai mayar wurinsa ba. Kowane tebur amana ne, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa likitocinmu jagora, Ya sa ciwo ya zama kaffara. Amin.