Fim Biyu a Legas

Fim biyu aka ba kowannenmu, kowane fim hoto 36. Malam ya raba mana su a bakin motar da za ta kwashe mu daga Zariya, ya ce duk wanda ya cinye nasa kafin a tsallake gadar Jebba, to ya sha kallo da ido har a dawo. Muna aji uku a jami'a, kuma wayar hannu ba ta fara ɗaukar hoton kirki ba a lokacin. Kafin ki danna, sai kin yi lissafi kamar mai awon hatsi da damina.

A hanya Malam ya zagaya mana da littafin hotunan J.D. 'Okhai Ojeikere, mutumin da ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, har ya tara kusan dubu. Yawancinsu ta ƙeya ya ɗauke su, ba a ganin fuska. Na daɗe riƙe da littafin. Innata makitsiya ce, na tashi ina ganin shuku da doka suna fita daga yatsunta, amma ban taɓa tunanin abin a ajiye ba ne sai ranar.

Mun shiga Legas ta gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, gidajen katako na Makoko na tsaye cikin ruwa a ƙarƙashinmu. Nan na zubar da hoto bakwai ta tagar mota, duk suka fito da rawa. Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Iganmu, inda aka yi bikin FESTAC a 1977, da dandalin Tafawa Ɓalewa, da cunkoson motocin danfo masu ruwan ɗorawa a Obalende, duk mun bi su cikin kwana biyu. Da kyar nake tuna su yanzu.

Kasuwar Mile 12 ce ta zauna mini. Da asuba muka isa, ana sauke tumatir da attaruhu da albasa daga manyan motocin da suka kwana bisa hanya daga arewa, 'yan dako na gudu da kwanduna a ka, Hausa na tashi ta ko'ina. Na hango wani dattijo zaune kan buhun albasa, gumi ya jiƙe masa riga, hasken safiya ya sauka a gefen fuskarsa. Na ɗaga kyamara daga nesa. Sai ya juyo.

"'Yata, ba sallama?"

Kunya ta rufe ni. Na ƙarasa, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi garinmu, ya ce shi mutumin Aliero ne, ya kusa shekara rabonsa da gida.

"Baba, ko za ka yarda in ɗauke ka hoto?"

"Na yarda, amma ba a haka ba. Jira ni."

Ya shige wata rumfa, ya wanke fuska, ya fito da farar riga mai karin guga da hula zanna. Kafin ya gama shiri rana ta ɗaga, hasken nan da ya ja ni ya tafi. Ya tsaya ƙyam, hannuwa a gefe, ba murmushi. Raina bai so ba, domin an koya mana cewa hoton da mai shi bai shirya ba shi ne na gaskiya. Na danna sau biyu.

"Iyalina za su gani," in ji shi. "Kada su ce wahala nake sha."

Da muka koma, a ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, na ga fuskarsa tana fitowa a hankali cikin ruwan magani. Abokan karatuna sun ce hoton ya yi kama da na fasfo. Ni kuwa har yau ina ganin ya fi duk sauran 70 ɗin, domin shi kaɗai ne wanda mai shi ya zaɓi yadda za a gan shi.

Na wanke kwafi biyu. Ɗaya na sa a ambulan, na rubuta sunansa da layin 'yan albasa, na damƙa wa wani direban tirela da ke lodi zuwa kudu. Ɗayan yana cikin akwatina, gefensa ya fara ja.