Ruwan Pari da amanar Damagaram

Ranar Juma'a 3 ga watan Yuni na shekarar 2016 ita ce ranarsa ta ƙarshe a birnin Pari, kuma da yayyafi gari ya waye, kamar yadda ya riƙa wayewa tun ƙarshen watan Mayu. Mutumin ma'aikaci ne daga Damagaram, aikinsa auna ruwan sama. Shekara fiye da 20 ke nan yana duba ma'auni kowace safiya yana rubuta abin da ya samu cikin littafi. An turo shi horo na mako uku, horon ya ƙare, jirginsa zuwa Yamai kuwa zai tashi washegari da hantsi. Kaya a ɗaure suke. Abu guda ya rage masa, wanda ya yi ta ɗagawa daga yau zuwa gobe har goben ta ƙare, wato amanar da yayarsa ta ɗora masa.

Ɗanta na fari ya tafi Faransa karatun jami'a shekara shida da suka wuce, bai taɓa dawowa hutu ba. Yana aiko da kuɗi, yana kira ran salla. Daren da kawun zai baro gida, ta zaunar da shi a tsakar gida ta ce: «Ka gano mini yaron nan da idonka. Murya cikin waya ba ta ishe ni ba.» Sau biyu suka sa rana da yaron, sau biyu yaron ya ba da uzuri, shi kuma kawun bai matsa ba, domin zuciyarsa ta fara gaya masa abin da ba ya son ji. A karo na uku suka yi alkawarin haɗuwa a babban masallacin birnin bayan an sauko Juma'a.

Da yake akwai sauran lokaci, sai ya ɗauki laima ya shiga metro ya nufi gadar Alma, inda ya ji an ce mutanen birnin na tururuwa. Kogin Sen ya cika ya batse. Hanyoyin da ke bakinsa sun nutse, sai kawunan fitilu da rassan itatuwa ake gani bisa ruwa mai launin kunun kanwa. A ranar aka rufe gidan tarihi na Luvur domin a kwashe kayan da ke ɗakunan ƙasa a hau da su sama. Jikin gadar akwai wani mutum-mutumin soja na dutse da ake kira Zuwab, wanda tun kaka da kakanni mutanen Pari ke auna cikar kogi da shi. A ambaliyar 1910, lokacin da ruwa ya kai mita 8 da santimita 62, har kafaɗarsa ya hau. A wannan rana yana cinyoyinsa, kuma cikin dare ya haura mita 6. Ma'aikacin ya daɗe yana kallonsa, har ya yi murmushi: ashe ƙasar da ta koya masa aiki da na'ura, ita ma da jikin mutum take gane yawan ruwa, kamar manomin da ke tona ƙasa da hannu ya ga ko laima ta kai kamu ɗaya.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne yadda ake tsine wa ruwan. A metro, a kanti, kowa fuska a murtuke, kowa na ƙorafin wannan lokaci maras kyau. A gida, in an tambayi mutum yaya ruwa, ko da katangarsa ta faɗi cikin dare, cewa zai yi ruwa ya yi gyara. Shi kuwa da ya san lissafi, ya san wani abin da zai ba mutanen gida mamaki: ruwan da Pari ke samu a shekara bai wuce milimita 650 ba, alhali Gaya, can kudancin jihar Doso, takan samu wajen 800. Damagaram ce ke fama da 400 ko abin da bai kai ba. Bambancin yana ga yadda ruwan ke zuwa. Na Pari a rarrabe yake sauka cikin kwana fiye da 100, rana ba ta da ƙarfin shanye shi. Namu cikin wata uku ko huɗu yake zubowa gaba ɗaya, ya gudu bisa ƙasa, sauran kuma rana ta lashe, tunda tana iya ƙafar da fiye da mita 2 na ruwa a shekara. A daidai wannan sa'a ya san manoman Mirya da Magarya suna ɗaga kai suna duban gabas, waɗansu ma sun yi binne suna jiran ikon Allah, a cikin gari kuwa jarkoki na jere a bakin famfo.

Da azahar ta gabato ya sauka a tashar Monj, ya bi ayarin masu zuwa salla. An buɗe masallacin nan a 1926, don tunawa da sojojin musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Farko. Shekarar ta tsaya masa a rai, domin a cikinta ne Turawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar.

Bayan salla ya tsaya ƙarƙashin hasumiya. Bai gane yaron ba sai da ya durƙusa gabansa bisa jiƙaƙƙen dutse ya ce: «Kawu, barka da zuwa.» Ya rame, ya yi tsawo, rigar sanyinsa ta jiƙe sharkaf don ba shi da laima. Suka shiga wurin shan shayi da ke jikin masallacin. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kowa da sunansa, har da akuyar gidan. Sa'an nan kawun ya dubi hannuwan yaron, fatar yatsu duk ta tsattsage ta yi fari, ya ce: «Ɗana, waɗannan ba hannuwan mai riƙe alƙalami ba ne.»

Yaron ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya ba tare da ƙawa ba. Ya faɗi jarrabawa sau biyu a jere, aka ƙi sabunta masa takardar zama. Shekara uku ke nan yana wanke kwanoni a wani gidan abinci da takardun wani. Su huɗu suke kwana ɗaki guda. In ya fita ƙasar ba zai iya komowa ba, in ya koma gida kuwa da me zai shiga gari, bayan an sayar da gona an biya masa kuɗin jirgi? Kawun ya zo da faɗa a bakinsa, amma ya rasa inda zai fara. Ya ce masa dai gida gida ne, uwa kuma ba takardar jami'a ta haifa ba. Yaron bai amsa ba. Ya fiddo ambulan daga ƙirjinsa, a naɗe cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi: Yuro 300, kusan jika 200 na sefa, na azumin da zai kama bayan kwana uku. Ya ce: «Kawu, don Allah kada ka gaya wa Inna. Ka ba ni shekara ɗaya.»

Bai yi masa alkawari ba, bai kuma ƙi ba. Ƙarfe huɗu yaron ya tashi zai tafi aiki. A bakin ƙofa kawun ya miƙa masa laimar, ya ce inda za shi ba ta da amfani tukuna. Ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana.

Da ƙafa ya yi rabin hanyar komawa masauki, yayyafi na sauka bisa hularsa. Bai sayi tsarabar da ya yi niyya ba. A ɗaki ya buɗe akwati ya sa ambulan tsakanin takardun horo, ya sake fiddo shi ya mai da aljihun rigar da zai sa gobe. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma saura, kuma bai daɗe da sallame magariba ba wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce.

«Ka gan shi?»

«Na gan shi, Yaya. Mun yi salla tare, mun sha shayi. Ya ba ni saƙo in kawo miki.»

«Lafiyarsa lau?»

Ya dubi taga, ruwa na gangarowa bisa gilashi. Ya ce: «Yana kan ƙafafunsa. Sauran magana sai na zo, mu zauna.»

Ta yi shiru har ya zaci layin ya yanke. Sa'an nan ta ce Allah ya kawo shi lafiya. Ya tambaye ta ko an yi ruwa. Ta ce hadari ya haɗu jiya da la'asar, iska ta watsa shi.