Abin da hanta ke yi wa alkol, da maganin yara na kasuwa

Duk shekara idan na zo darasin hanta, sai an samu uba guda a nan Guci da zai ce mini: "Malam, me ya haɗa 'ya'yan Musulmi da karatun giya?" Ina girmama tambayar, amma ba na tsallake darasin.

A cikin hanta akwai wani anzim da ake kira alkol dehidirojenas. Aikinsa farfasa alkol, kuma ba ya tantance wane iri aka kawo masa. Alkol dangi ne babba. Idan metanol ne, wanda ake samu a alkol na ƙonawa, sai anzim ɗin ya fara aikin da ke mayar da shi asid mai makantar da ido. Idan dayetilin gilaikol ne, ruwa mai zaƙi-zaƙi na masana'antu, abin da ke fitowa ƙoda yake kashewa. Wato gubar a cikin jiki ake ƙera ta, shi ya sa yaro kan yi kwana ɗaya ko biyu kafin fitsari ya ɗauke.

Haka ta faru a Najeriya daga ƙarshen 2008, da maganin haƙorin jarirai My Pikin: yara 84 suka rasu, wasunsu a Zariya. A 2022 kuma kusan yara 70 a Gambiya, ta hanyar maganin tari. Babu wanda ya sha giya a cikinsu. Mu kuwa da ke bakin iyaka, kwalaben siro nawa ne ke kwance cikin rana a tiren masu talla ranar kasuwar Magarya ko Dungas?

Abin da ya fi burge ɗalibaina shi ne yadda masana suka sa anzim ɗin aiki. Tun 1937 aka tace shi daga yis a Jamus. A ɗakin gwaji ana zuba shi a samfurin jini tare da sinadarin NAD, na'ura ta auna yawan hasken da ruwan ya shanye, a san adadin alkol ɗin da ke ciki. Likita kuma kan toshe shi da maganin fomefizol, gubar ta fita kafin a sarrafa ta.

Lakwal ɗinmu ba ta da na'urar, allo da alli kawai gare ni. Amma nakan sa kowane ɗalibi ya rubuta a ƙasan shafi, ya karanta wa innarsa: jaririn da ya sha siro ya daina fitsari, a kai shi likita a ranar, a tafi da kwalbar.