Turmi ɗaya, taɓare huɗu

Mu ƴan Sarkin Hausa, Mayayi da Tasawa da ke karatu a jami'a, kusan hanya ɗaya muke samun kwamfuta. Ta hannu ce, okaziyo, daga kasuwar Maraɗi ko ta Yamai, ko wani yaya ya riƙo ma mutum daga Kano. Kuɗin kuwa daga gida suke fitowa. Tawa dai wake ne na baba da ragon inna. Amma in mun je saye, tambaya ɗaya muka iya: "Core nawa ce?" Mai shago ya nuna ƴar takardar da ke manne, i5 ko i7, sai mu ƙirga kuɗi.

To, i5 ba ya nufin zuciya biyar. Suna ne kawai da kamfanin Intel ya raɗa ma wani jerin kayansa. Abin da ake ce ma cœur da Faransanci, ni da lugude nake gane shi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta turmi ce, kowace zuciya kuwa taɓarya ce da mai riƙe da ita. Da can taɓarya ɗaya ce ke daka. A 2005 Intel da AMD suka fito da masu biyu don kwamfutar gida, yau ana samun huɗu, takwas, har fiye. Windows ko Linux su ne uwargidan da ke raba aiki don kada taɓare su yi karo. In ba ta iya rabo ba, ko manhajar da kake aiki da ita an rubuta ta don taɓarya ɗaya, sai ɗaya ta yi ta zufa sauran na tsaye suna kallo.

Da taɓare suka yawaita sai maganar kuɗi ta taso: mi za a ƙirga wajen sayar da lasisi, turmi ko taɓarya? A 2004 Microsoft ta ce turmi za ta ƙirga. Shi ya sa Windows ɗin gida, wadda ake ce ma Famille, take aiki da duk zuciyoyin da ke cikin irin kwamfutocinmu, ba sai an ƙara ko dala ba. Ita Pro turmi biyu take ɗauka, alhali kwamfutar cinya turmi ɗaya gare ta. Ga manyan injinan ma'aikatu ne aka koma ƙirga taɓare, daga Windows Server 2016. Saboda haka in wani ya ce maka sai da Pro injinka zai yi gudu, ka riƙe kuɗinka.

Ga inda abin ke yi mani ciwo. Tun daga Windows 8, a 2012, galibin kwamfutocin da suka fito da Windows daga masana'anta lambar lasisinsu a cikin injin take, ba a takardar da ke gindi ba. Ma'ana, okaziyo da yawa da lasisinsu na halas suke iso mana. Sai a kai su wurin mai gyara, ya share komi, ya ɗora wata Pro da aka fasa ma kwado da ƴar manhajar da babu wanda ya san mai ita. An bar na halas yana kwance, an ɗauko na sata. Bayan wata biyu "Activer Windows" ya fito a kusurwar allo. Har wasa muke yi da shi a fakulte: muna neman lisans da kwamfutar da ba ta da lisans.

Wasa ne, amma akwai abin tsoro a ciki. Wata ƴar ajinmu ta yi hutu guda tana naɗar tatsuniyoyin tsofaffi mata a ƙauyensu. Ƙwayar cuta ta shiga kwamfutarta ta lalata fayilolin, ba ta kuma da kwafi. Biyu daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya. Ni ma abin da ke cikin tawa ke nan: muryar kakata da ta ƙawayenta, da nake auna tsawon wasula da karin sauti a cikinsu don memuwar. Injin ana sake saye in Allah ya hore. Muryar fa?

Sai kuma maganar wa'adi. An daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, ban da ɗan ƙarin lokaci ga masu lasisin ƙwarai da suka yi rajista. Windows 11 tana neman zuciya biyu aƙalla, wanda kusan kowa yana da su. Sai dai tana neman kuma abin tsaro da ake ce ma TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zuriya ta takwas zuwa sama. Dubi lambar da ke bayan i5 ɗin. i5-3320M zuriya ta uku ce, ta 2012, zuciya biyu. i5-8250U zuriya ta takwas ce, ta 2017, zuciya huɗu. Suna ɗaya, amma ɗaya an buɗe mata ƙofa, ɗaya an rufe, ko da kuwa lafiyarta lau.

Shi ya sa na koma Linux Mint. Linux ya iya raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya tun 1996, lasisinsa kuma ya yarda ka kwafa ka ba abokinka, babu mai ƙirga maka turmi balle taɓarya. Praat da ELAN, da muke aikin sauti da su, duk suna tafiya a kansa, haka Keyman na rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ban ce babu wahala ba. Satin farko sai da na yi ta lalube, kuma wani lokaci takardar da malam ya turo ta Word takan ɗan karkace. Amma hankalina kwance yake.

Ƴan uwa, kafin ku miƙa kuɗin waken gida, ku sa a kunna injin gabanku. Ku danna Ctrl, Maj da Échap tare, ku duba yawan zuciyoyi da lambar zuriya. Ku tambaya ko lasisin na cikin injin ne, kuma kada ku bari a share shi. Muryoyin da kuka naɗo, ku ajiye su wuri biyu.

Mu kuma ƴan kimiyyar harshe akwai aiki gabanmu. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yau mai shago da mai saye ba su da kalmar da za su yi wanga ciniki da ita ba tare da an rufe wani ba. Ni na kawo turmi da taɓarya. Wanda ke da wadda ta fi, ya kawo ta taronmu na gaba mu gwada ta a bakin mutane.