Kama da guringuntsi ba guringuntsi ba ne

Ƙashi idan ya karye yana ɗinkewa da ƙashi irinsa, shi ya sa sana'ar ɗori ta daɗe a ƙasar Hausa. Guringuntsin gaɓa kuwa, wato farin shafen nan mai santsi da ke kan ƙashin gwiwa, wanda kaurinsa yake tsakanin milimita 2 zuwa 4, ba shi da hanyoyin jini. Idan ya lalace babu jinin da zai kai masa kayan gyara. Likitan Birtaniya William Hunter ya rubuta wannan tun 1743.

An nemi mafita ta hanyoyi daban-daban. A shekarun 1980 likita Richard Steadman na jihar Kolorado a Amurka ya fito da dabarar huda ƙananan ramuka a ƙashin da ke ƙarƙashin raunin, domin jini da ɓargo su fito su cike gurbin. A 1994 Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu a Gotenbog ta ƙasar Suwidin suka ba da rahoton majinyata 23 da aka ɗebi ƙwayoyin guringuntsinsu, aka raine su a ɗakin gwaji, aka mayar musu. Gurbi kan cika, hoto kan yi kyau. Sai dai Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne. Abin da hudar ƙashi ta fi haifarwa tabo ne mai zare-zare, wanda kolajinsa nau'i na 1 ne, alhali na asali nau'i na 2 ne, kuma tabon kan sassauta bayan wasu shekaru.

A nan aikin irina yake farawa, domin ni injiniya ne, kuma tambayata ɗaya ce: nawa zai ɗauka? A tafiya kawai gwiwa tana karɓar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki. Muna yanko ɗan faifan nama da bai kai girman ƙwayar wake ba, mu ajiye shi cikin ruwan gishiri, mu sa na'ura ta danna shi. Ma'auninmu megafaskal ne, kuma guda ɗaya kamar a ɗora kilo 10 ne a kan fili mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe. Taurin ƙashin cinya ya kai wajen megafaskal 17,000. Na guringuntsi, idan aka bar shi ya natsu ƙarƙashin danni, da ƙyar yake kai 1.

Ta yaya abu mai laushi haka yake ɗaukar mutum shekara 70? Amsar ita ce ruwa. Kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na guringuntsi ruwa ne, a tsare cikin raga mai ƙananan ƙofofi ainun. Idan ka taka ƙasa, ruwan ba ya samun hanyar fita da sauri, sai ya ɗauki fiye da kashi 90 na nauyin, ragar ta huta, gogayya kuma ta ragu. Van Mow da abokan aikinsa ne suka tsara lissafin wannan a 1980. Saboda haka awo ɗaya ba ya isa. Sai mu ɗora nauyi mu zuba ido yana lotsawa a hankali, wani lokacin har sa'o'i, domin mu san taurin ragar da kuma saurin tsiyayar ruwan. Na sha kwana gaban allon kwamfuta ina jiran layin ya miƙe. Na ga samfurin da ya yi kyau a madubin likita, launinsa daidai, amma da aka danna shi ya zubar da ruwansa kamar soson wanka.

Akwai sauran tambayoyi. Shin facin ya manne da tsohon naman da ke kewaye da shi? Sai a tura shi da ɗan sanda a ga ƙarfin da zai ɓalle shi. Sabon ƙashin da ke ƙasa fa? Shi ana ɗora shi a kan matokara biyu a danna tsakiya har ya karye, ko a murɗa shi. Matsalar ita ce galibin gwaje-gwajen nan suna lalata abin da ake gwadawa, don haka a kan zomaye da tumaki da awaki da dawakai ake yin su. A jikin mutum sai dai hoto, da ɗan tsinken da likita yake dannawa lokacin leƙa gaɓa, da abin da majinyaci ya ce yana ji. Raguwar ciwo alheri ce babba, amma ba ta nuna cewa naman zai jure shekara 10.

Gwaggota ta shekara biyar tana sallah a kan kujera saboda gwiwa. Kwanaki 'ya'yanta suka turo mini tallar wata allura ta ƙasar waje da aka ce tana tsirar da sabon guringuntsi, suna shirin sayar da fili. Na ce musu su yi tambaya uku. Wace hujja ke nuna cewa nama ya tsiro, kuma wane iri ne? An auna ƙarfinsa, ko hoto kawai aka ɗauka? Shekara nawa aka bi waɗanda aka yi wa? Na kuma tuna musu cewa dashen ƙwayoyin nan an tsara shi ne domin rauni ƙarami mai iyaka, irin na matashin ɗan ƙwallo, ita kuwa amosanin gaɓa ne ya cinye mata gwiwar gaba ɗaya.

Mai tallar bai amsa ko ɗaya ba. Filin yana nan, ita kuma an kai ta wajen likitan ƙashi.